Injin Yaya

A farkon watan Disamba na shekarar 2024, kwana biyu bayan mun miƙa sakamakon jarrabawar ɗalibanmu, Yaya ya bugo mana waya daga Fatakwal. Ba al'adarsa ba ce ya kira mutum domin gaisuwa kurum, saboda haka tun kafin ya gama tambayar iyali muka san da magana a bakinsa. Ya ce, "Malam, ka zo ka yi wa ɗanka faɗa, ni na yi har na gaji." Ɗan namu da yake nufi shi ne babban ɗansa, mai shekara 17, wanda ya gama sakandare da sakamako mai kyau, amma ya kafe a kan cewa ba zai cika takardar neman shiga jami'a ba, shi gareji ya zaɓa. Daga nan sai Yaya ya ƙara da wata magana, wadda ita ce ta sa muka nemi tikitin mota a ranar. Wai yaron ya sauke injin babur ɗin.

Ba sai an faɗa mana wane babur ba. Jincheng ne, samfurin AX100, ja, wanda Yaya ya saya a 2001 bayan ya shafe shekara uku yana tura baro a kasuwa, sa'an nan yana tuƙa na wani yana kai balas kowane dare. A wannan shekarar muka shiga jami'a. Kuɗin rajistarmu, da na littattafai, da na buga kundin digiri na farko, har da kuɗin motar da ta riƙa kai mu gida hutu, duk daga cikin hayaƙin wannan babur suka fito. Idan mai karatu ya ga ana rubuta mana wasu haruffa kafin sunanmu a ƙofar ofis, to ya sani fistin mai faɗin milimita 50 ne ya yi ta hawa da sauka a titunan Fatakwal, cikin ruwa da rana, har aka same su. A ƙarshen 2008 gwamnatin Rotimi Amaechi ta haramta acaɓa a Fatakwal da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita, ciki har da Obio/Akpor inda Rumuokoro take. Abokan sana'ar Yaya wasu suka koma Arewa da baburansu, har irin wannan doka ta riske su a Kano a 2013. Wasu suka sayar suka kama wani abu. Yaya ya koma sayar da albasa da tattasai, ya jingine babur ɗin a bayan ɗaki, ya lulluɓe shi da tamfol. Sau da yawa an taya, har masu gwangwan sun zo, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Motar da muka shiga ta bi ta Lokoja da Anaca da Owerri, ta sauke mu a Rumuokoro da hantsi. Wanda bai san wurin ba, mahaɗa ce da hanyar Ikwerre mai fitowa daga cikin gari take gamuwa da babbar hanyar da ta ratsa daga Eleme zuwa Choba, ga kuma wadda ta nufi filin jirgin sama. An ɗora mata gadar sama a zamanin gwamna Nyesom Wike, amma cinkoson ƙasa yana nan yadda muka san shi. Ƙasar Ikwerre ce, su ne masu gida. Sai dai Bahaushe ya daɗe a gindin wannan mahaɗa, daga mahauta da 'yan gwari zuwa masu shayi da masu gyaran takalmi, kuma da yawa daga cikin yaransu nan aka haife su, Hausarsu gauraye da buroka.

Mun tarar da ɗan namu a garejin maigidansa, wani dattijon Ibo mutumin Nnewi, wanda ya fara gyaran babura tun kafin a haifi yaron. A gefe guda ga wani abu a kwance a ƙasa: firam ɗin bututun ƙarfe da aka yi wa walda, ƙananan tayoyi huɗu, kujerar roba da aka yanke wa ƙafafu, da sitiyarin wata tsohuwar mota. 'Yar motar tsere ce, irin wadda Turawa suke kira kat. Ashe su 'yan koyon aiki na unguwar, kanikawa da masu walda, Hausawa da Ibo da Ikwerre, sun haɗa irinta guda huɗu, suna tsere a wani fili da aka cike da yashi aka bari ba a gina ba. Ba sa samun filin sai ruwa ya ɗauke, ruwan Fatakwal kuwa ba ya ɗaukewa sai wajen Disamba, kafin Maris ya dawo. Wato kakar tseren tasu Lahadi goma ce ko sha biyu, ta farkon kuma saura kwana tara. Sauran ukun duk injin famfon ban-ruwa suka ɗora, irin kwaikwayon Honda GX200 mai cc 196. Shi kuwa namu ya ce injin babansa yake so, mai cc 98, domin yana da giya huɗu, kuma mai bugu biyu ne.

Mun zo ne mu yi faɗa, amma ba a yi wa mutum faɗa hannunsa cikin kananzir. Sai muka ce ya ba mu kujera. Ya ce, "Baffa, kayanku za su ɓaci." Muka ce su ɓaci. Maigidansa ya ara mana wata tsohuwar riga, aka ba mu aikin da ake ba wanda ya zo jiya: wanke noti da kusoshi, a jera su a kan kwali bisa tsarin da aka kwance su.

Shekara 16 a cikin danshin Fatakwal ba wasa ba ce ga ƙarfe. Fistin ya manne a cikin silinda, sai da aka yi kwana huɗu ana zuba masa man dizal kafin mu zo, sa'an nan aka ɗora guntun katako ana ɗan bugunsa da guduma har ya saki. Man da ya kwana a kafireta ya daskare ya zama kamar ƙaro. Boris ɗin karanshaf sun yi tsatsa, idan aka juya su sai a ji kamar ana niƙa tsakuwa. A nan ne yaron ya fara koya mana abin da ba mu sani ba game da injin da ya ciyar da mu. Inji mai bugu biyu, in ji shi, ba shi da bawul, ba shi da kaskon baƙin mai a ƙarƙashin fistin. Fetur da iska da ɗan man tuti sukan shiga ɗakin karanshaf tukuna. Idan fistin ya sauko sai ya matse su, su bi ta wasu ƙofofi a jikin silinda su hau sama, su kori hayaƙin da ya ƙone ta ƙofar salansa. Idan ya hau sai ya rufe ƙofofin da jikinsa, filogi ya ba da wuta. Kowane zagaye guda, wuta guda, alhali mai bugu huɗu sai ya zaga sau biyu. Shi ya sa ƙarami yake jayayya da babba. Shi ya sa kuma waɗansu 'yan robobi biyu da ke toshe gefunan karanshaf suka fi ƙarfin raini: in suka bushe suka bar iska ta sata ta shiga, man zai yi ƙaranci a cikin haɗin, injin ya yi zafi, fistin ya sake mannewa, wannan karon yana cikin gudu. Nasu sun bushe kamar fatar da aka shanya.

Muna jinsa muna tuna darasin aron kalmomi da muke koyarwa a aji biyu. Boris, salansa, totur, kuloci, filogi: babu kwamitin da ya zauna ya ƙirƙiro su, babu wanda ya nemi izinin jami'a. Kanikawa ne suka tauna su har suka yi daidai da bakin Bahaushe, mu kuma muka zo daga baya da alli muna yi musu sharhi.

An kai silinda wurin wani mai injin bori a Diobu, ya ƙara mata faɗin rabin milimita domin ya share zanen da tsatsa ta bari, aka sayo fistin da ringi daidai da sabon faɗin. Da ta dawo, yaron ya zauna da 'yar magagari yana goge kaifin bakin kowace ƙofa a hankali, domin kada ringi ya maƙale a can ya karye. Ya saka ringin shi kaɗai cikin silinda, ya daidaita shi da kan fistin, ya auna tazarar da ke tsakanin bakunansa biyu. Ya ce kada ta wuce kaurin takarda biyu zuwa uku, in ta yi yawa matsi ya zurare, in ta yi kaɗan zafi ya buɗa ƙarfen bakunan su haɗe. Amma abin da ya fi burge mu shi ne yadda ya saka sababbin boris. Mu da mun zaci guduma za a sa. Sai ya naɗe su a leda ya kai wa mai sayar da ƙanƙara suka kwana a firiza, da safe ya ɗora kwanson injin a kan risho har ya yi zafin da in an ɗiga ruwa zai yi tsalle. Sanyi ya tsuke ƙarfe, zafi ya buɗa alminiyam, ya saki boris ɗin ya faɗa gurbinsa da kansa, ɗif. Maigidan yana daga nesa yana cin gyaɗa, ko kallo bai yi ba, wanda a wurin irin waɗannan mutane shi ne yabo.

A duk kwanakin nan Yaya bai leƙo garejin ba ko sau ɗaya, ga shi kuwa rumfarsa ba ta da nisa. Da dare in mun zauna cin tuwo sai ya ce, "Malam, ka yi masa maganar?" Mu ce muna kan hanya. Ya ce, "Na ga dai hanyar ta bi ta ƙarƙashin farcenka."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka zo haɗa kai, saura kwana biyu a fara tsere. An ɗaura fistin, kibiyar da ke kansa tana duban ƙofar salansa, an sa sababbin 'yan ƙarafan da ke tare fil ɗinsa dama da hagu. Aikin saukar da silinda a kan fistin yana son hannu huɗu: ɗaya ya matse ringi da yatsu, ɗaya ya sauko da silinda. A cikin ramin kowane ringi akwai wata 'yar ƙusa da ba ta fi kan allura ba, wadda bakunan ringin suke rungumarta domin kada ya juya ya faɗa ƙofa. Yaron ya bayyana mana wannan sau biyu. Ya ce, "Baffa, in kun ji ta cije, ku tsaya." Muka ji ta cije. Maimakon mu tsaya, sai wani tunani irin na masu karatu ya raya mana cewa sabon abu dama yakan yi tauri, muka danna da tafin hannu. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinken ashana ba. Ringin sama ya hau kan 'yar ƙusar, ya rabe biyu.

Bai ce komai ba. Ya ɗaga silinda, ya tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su a tafin hannunsa ya tabbatar babu wanda ya faɗa ciki, sa'an nan ya ce, "Ba komai, Baffa, ƙaddara ce." Da ɗalibinmu ne ya yi mana irin wannan ɓarna a kan aikin da muka yi mako biyu muna yi, Allah ne kaɗai ya san abin da za mu rubuta masa da jan biro. Kuma ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin masu bugu biyu sun ƙare a kan titi tun da Bajaj Boxer da ire-irensa suka cika ƙasa, kayan gyaransu sun yi wuya, balle ringi mai ƙarin rabin milimita. An zaga ba a samu ba. Maigidan ya buga wa wani ɗan'uwansa waya a kasuwar Nkwo Nnewi, inda in dai kayan babur ne aka rasa a can to a haƙura, aka ce za a ba direban bas ya taho da shi ranar Litinin. Lahadin farko ta wuce ɗan namu yana tsaye a bakin fili yana riƙe wa wasu galan.

A waɗannan kwana uku na jira ne maganar da ta kawo mu ta samu wuri, kuma a gaskiya mun shige ta ne da raunin wanda aka yafe wa laifi. Muka fara da abin da kowane baffa yake farawa da shi, cewa ilimi gishirin zaman duniya ne. Ya saurara har muka gama, kansa a ƙasa, sa'an nan ya ce, "Baffa, don Allah kada ku ga rashin kunyata. Cikin ɗalibanku da suka gama bara, mutum nawa ne suka sami aiki?" Muka yi shiru muna ƙirgawa, abin da muka samu bai yi mana daɗin faɗa ba. Ya ce akwai masu digiri biyu da suke kawo Keke garejinsu, kuma bashi suke ci. Ba mu da hujjar da za mu ƙaryata shi, mu da kanmu mun sha rubuta wa tsofaffin ɗalibai takardar shaida wadda muka san aljihun tebur za ta kwana.

Abin da ya buɗe mana ƙofa daga wurinsa ya fito. Yana nuna mana hotunan motocin tsere na gaske a wayarsa, yana ba mu tarihinsu kamar mai karanto nasabar gidansu: yadda wani Ba'amurke, Art Ingels, ya haɗa ta farko a Kalifoniya a 1956 da ƙaramin inji mai bugu biyu, yadda ba su da sifirin, kuma tayoyin baya a kan sanda guda suke, sai ta ciki ta ɗan ɗaga kafin a sha kwana, yadda ake ƙirga rayuwar injinsu da awoyi, a kwance shi a sake fistin tun bai nuna gajiya ba, yadda Ayrton Senna da Michael Schumacher duk daga nan suka faro, shi kuma Lewis Hamilton ya fara yana ɗan shekara 8, mahaifinsa yana haɗa ayyuka domin ya riƙe shi. Sai ya nuna mana salansarsu, mai kumburarren ciki kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai, ya ce ya tambayi maigidansa dalilin wannan siffa, ya ce masa haka Bature ya yi ta. Amsar ba ta ishe shi ba. Muka zauna mu biyu a kan benci muna bincike har dare ya raba. Ashe hayaƙin da ya fita yana tafe da igiyar matsi, siffar bututun ce take mayar da igiyar baya, ta iso bakin ƙofa daidai lokacin da sabon mai ya fara zurarewa, ta tura shi ciki kafin fistin ya rufe. Tsawon bututun kuwa lissafi ne, tsakanin saurin sauti a cikin hayaƙi mai zafi da yawan zagayen inji. Wani injiniya, Walter Kaaden, na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, shi ya inganta wannan dabara a shekarun 1950. A 1961 matuƙinsa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma ya koma Suzuki da abin da ya sani, a 1962 kuma ya ci wa Suzuki gasar duniya ta ajin cc 50. Jincheng ɗin Yaya kuwa tsarin Suzuki ne. Yaron ya daɗe yana duban lissafin da ke kan wayar, ya ce wannan alamar sun taɓa ganinta a aji shida amma malamin bai tsaya a kanta ba. Muka ce akwai inda ake shekara biyar a kan irinta. Bai amsa ba, mu kuma, da yake ringi ya riga ya koya mana, da muka ji ta cije sai muka tsaya.

Ringi ya iso ranar Litinin da yamma, a naɗe cikin takardar jarida. Wannan karon maigidan ne ya riƙe silinda, mu aka ba mu tocila. Aka ɗaure kan injin, noti huɗu, ana bin su a gicciye kaɗan-kaɗan. An riga an ƙone salansa a wuta an kakkaɓe baƙin da ya toshe ta. Ya cire famfon tuti ya toshe gurbinsa, ya auna da sirinji, mililita 40 a lita guda ta fetur, ya girgiza a gora. Washegari da la'asar aka ɗora injin a kan firam, aka ja sarƙa. Bugu na farko shiru, na biyu shiru, na biyar ya yi tari, na bakwai ya kama. Shuɗin hayaƙi ya cika rumfar, da wannan ƙara mai kama da yagar sabon yadi, da warin da muka sani tun ranar da Yaya ya ɗauko mu daga tasha a hutunmu na farko, jakar littattafanmu a kan tanki.

Ba a fi minti biyar ba sai ga Yaya, da zanin aikinsa a ɗaure, ya bar rumfa a hannun maƙwabci. Daga can ya jiyo. Ya tsaya a bakin garejin ya karkata kai, bai dubi kowa ba. Can ya ce, "Iska ta yi masa yawa." Ya miƙa hannu, yaron ya sa masa sukundireba, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwarsa, ya murɗa 'yar kusar kafireta kamar rubu'in zagaye. Ƙarar ta sauko ta zauna. Ya ce a kashe shi ya huce, a sake tayarwa, a yi haka sau uku, kuma kada wanda ya buɗe masa totur duka sai ya sha tanki guda. Yaron ya ce, "To, Baba," ko da yake mun ji shi da kunnenmu yana faɗa wa abokansa wannan ƙa'ida tun makon da ya wuce. Yaya ya miƙe, ya shafa murfin injin inda fentin ya goge saboda dugadugansa, ya koma wurin albasarsa.

Ba mu ga tseren ba, domin aikin duba kundayen ɗalibai ya kira mu, muka hau mota ranar Alhamis. Ta waya muka ji cewa ya wuce su duka a miƙe, a zagaye na uku sarƙa ta zame a kwana, ya ƙare na ƙarshe yana turawa. Lahadin da ta biyo baya ya zo na biyu. A watan Fabrairu ya aiko mana da hoton takardar rajistar JAMB, ya zaɓi injiniyancin injuna, ba tare da wata kalma ba. Muka kira Yaya muna murna, ya ce kada mu yi saurin shafa fatiha, shi a ganinsa kunyarmu kawai yaron ya ji, kuma har yanzu gareji yake kwana. Bayan kwana biyu wani saƙon ya shigo: wai akwai wani agogon awo mai allura da ake gane karkatar karanshaf da shi, ya nema a Fatakwal ya ji tsada, ko za mu duba masa a Kano. Mun samo na hannu a Ƙofar Ruwa, muka naɗe shi a tsohuwar rigar da maigidansa ya ara mana, wadda muka taho da ita bisa mantuwa, muka ba wani direban motar albasa da zai sauke kaya a Rumuokoro ranar Talata.